Ba Ma Cinikin Biri a Sama

Jawabin da aka gabatar a madadin 'yan ajin yaƙi da jahilci, a taron zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu



Uwar ƙungiya, shugabarmu da mataimakiyarta, ma'aji da sakatariya, malamanmu na ajin yamma, iyayenmu da suka kafa wannan tafiya tun muna 'yan mata, mazajenmu da suka bar harkokinsu suka zo, da 'ya'yanmu da ke can baya suna ta ɗaukar mu hoto, barkanmu da wannan rana. Allah Ya maimaita mana. Waɗanda muka fara zubi tare da su, yau babu su, Allah Ya jiƙansu, Ya raya abin da suka bari.

Wannan takarda da kuke gani, mu 'yan aji muka rubuta ta da hannunmu, malama tana gyara mana inda muka manta lanƙwasar ƙa da ɗa. Saboda haka in kun ji an ce "mu", to mu ɗin ne: masu wake da gyaɗa, masu kayan miya, masu ƙuli-ƙuli, masu atamfa, waɗanda suka kama fensir bayan sun fara aurar da 'ya'ya.

Kwamitin taro ya ce mu yi magana a kan kimiyya da fasahar zamani da lafiyar jama'a da siyasa. Manyan kalmomi ne, kamar na 'yan jami'a. Amma da muka zauna muka warware su, sai muka ga kullum muna tare da su. Suna cikin buhun da muke sarowa, suna cikin ledar maganin da muke kawowa gida, suna cikin wayar da ke ƙulle a bakin zaninmu.

Duk 'yar kasuwa ta san ba a sayen buhu da ganin bakinsa. Ki je Dawanau sari, sai kin sa an soka ƙarfe a tsakiya da gindi, kin murza a tafin hannu, kin shinshina, kin tauna. In an ce miki kwano arba'in ne, sai an juye an auna a gabanki. Malama ta ce mana aikin masu binciken kimiyya ke nan: ba sa karɓar magana sai sun gwada, sun auna, sun rubuta, sannan wani ya zo ya sake aunawa ya ga ko zai sami abin da suka samu. To ashe mu ma muna da rabonmu a ciki. Abin da ke damun mu shi ne, wannan wayon a rumfa muke barinsa. Macen da ba a isa a cuce ta da rabin gwangwani ba, ita ce za a turo wa saƙon murya daga wanda ba ta taɓa gani ba, ta ɗura wa ɗanta abin da aka ce. Wannan shi ne cinikin biri a sama, kuma a kansa za mu yi magana yau.

Mu fara daga rumfarmu, tunda mu ke ciyar da gari.

Kowa ta san tashin hankalin mai wake. Ki sara da kaka, kafin bazara ki buɗe ki tarar ƙwari sun mayar da shi rariya. Tsoron wannan asara ne ke sa wasu yayyafa fiya-fiya ko Sniper a cikin buhu. 'Yan uwa, wannan guba ce, kuma ba a yi ta don a zuba a abincin mutane ba. A shekarar 2015 ƙasashen Turai suka hana shigar da busasshen waken Najeriya, saboda sun auna sun ga wannan sinadari ya wuce ƙima a ciki. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa barkatai a kasuwa. Su Turawa suna da na'urar aunawa a bakin iyakarsu. Yarinyar da aka aiko sayen rabin kwano don a yi alala, wace na'ura take da ita? Amanarmu kawai take da ita.

Kuma akwai mafita, ba mai tsada ba. Kun san buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da shi tare da masana na nan Afirka, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Leda biyu ce masu kauri a ciki, sai buhu saƙaƙƙe a waje. Ki zuba waken da ya bushe ƙayau, ki matse iska, ki ɗaure ledar farko, ki ɗaure ta biyu daban, sannan ki ɗaure na waje. Ƙwaro numfashi yake yi kamar mu. In iskar da ke ciki ta ƙare, ba ci, ba haihuwa, sai mutuwa. Ba magani ko ɗigo. Sharaɗin kawai kada ledar ta huje, kada a riƙa buɗewa kullum, a kuma kiyaye ɓera. In kin kula da shi, sai ki yi kaka biyu ko uku da buhu ɗaya. Kakanninmu da ke cakuɗa wake da toka ko yashi su rufe tukunya ruf, ai hanyar da suka bi ke nan. Sun gano abin da gwaji, masu bincike suka zo suka faɗi dalili.

Sai gyaɗa da masara. In ba su bushe sosai ba, ko aka jibge su a ƙasa mai laima, suna yin fumfuna, wannan fumfunar kuma tana fitar da wata guba da masana ke kira afalatoksin. Suya ba ta kashe ta, dahuwa ba ta kashe ta. A hankali take cin hanta, tana daga cikin abin da ke kawo sankarar hanta, tana kuma tauye girman yara. Mu faɗa wa juna gaskiya: gyaɗar da ta ƙanƙance, ta yi baƙi, mai ɗaci, wadda ake sayarwa da araha, ina take zuwa? Ƙuli-ƙuli da tunkuza. Su wa ke cin ƙuli-ƙuli? 'Yan makaranta. Don Allah masu matsar mai, a tsince a zubar. A shanya a kan tabarma ko tamfol, a ɗora buhu a kan katako, kada ya jingina da bango. Ribar kwano ɗaya ba ta kai hantar yaro ba.

Don kada a ce kimiyya tsoratarwa kawai ta iya, ku tuna maƙoƙo. Da muna yara, da wuya ki shiga kasuwar ƙauye ba ki ga mai maƙoƙo ba. Yau ya yi wuyar gani. Ɗan sinadarin aidin ne da gwamnati ta wajabta a sa a gishiri tun shekarun 1990. Masu sayar da gishiri, ku riƙa rufe shi, don rana da laima suna korar aidin ɗin.

Daga rumfa sai kemis. A nan ne karatun da muka yi ya fara biyan mu. Yanzu in muka ɗauki kwalin magani, muna neman haruffa uku, E da X da P, mu duba wata da shekarar da zai lalace. Muna neman lambar NAFDAC. Wasu magungunan zazzaɓin cizon sauro ma suna da wurin kankarewa kamar katin waya, ki tura lambar a gaya miki na gaske ne ko jabu. Marigayiya Dora Akunyili, wadda ta shugabanci NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, mace ce irinmu, kuma jabun magani ne ya kashe mata 'yar uwa. Har harbin ta aka yi a kan wannan yaƙi, Allah Ya kuɓutar da ita a lokacin. In ita ta sa ranta, mu me zai hana mu juya kwali mu duba?

Amma ta yaya za ki duba kwali in an ba ki haɗi? Ki ce a haɗa miki na ɗari biyar, a ƙulle miki ja da fari da ruwan ɗorawa a leda, ba suna, ba kwanan wata. Wace ce a cikinmu za ta karɓi hatsin da aka cakuɗa iri biyar a ƙulle, a ce kada ta buɗe? Ba kowane zafin jiki ne zazzaɓin cizon sauro ba. Gwajin ɗigon jini a yatsa bai fi minti ashirin ba, shi ne soka buhun. Kuma in likita ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana biyar ko bakwai, a shanye shi. In kin tsaya a kwana biyu don yaro ya tashi yana wasa, kin ajiye sauran don gaba, ƙwayoyin da suka rage su ne masu taurin kai, gobe maganin ba zai ci su ba.

Ga abu guda da muke so kowace uwa ta fita da shi daga wannan zaure. Yaron da ke gudawa, ƙarewar ruwan jiki ce ke kashe shi. Garin ORS, wato ruwan gishiri da sukari na asibiti, ki karanta bayan ledar, yawanci leda ɗaya a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa. Lita ɗaya ita ce fiya wata biyu masu rabin lita. Ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, ki ci gaba da ba shi nono da abinci, ki haɗa da ƙwayar zinki ta kwana goma zuwa sha huɗu. In ya kwana ya yini, a zubar a haɗa sabo. In ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha, ko kika ga jini, ba jiran maigida ya dawo daga kasuwa, asibiti tukuna, a kira shi a hanya.

Yanzu maganar rigakafi. Za mu ɗan daɗe a nan, don ita ce ta fi raba kan gidaje.

Ba za mu ce masu tsoro ba su da dalili ba. Mu mutanen Kano mun san abin da ya faru a 1996, shekarar annobar sanƙarau, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a kan yara a nan garin. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba. Aka yi shekaru ana shari'a, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75, kamfanin kuma bai amsa laifi ba. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda aka taɓa yi wa algus, dole ya riƙa duba gindin buhu.

To amma ku dubi abin da ya biyo baya. A 2003 jita-jita ta tashi cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa, aka dakatar da shi a Kano kusan shekara guda, sai a 2004 aka dawo da shi bayan an yi gwaje-gwaje. A wannan tsakani cutar ta bazu, ta tsallaka har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yaran da ta shanye wa ƙafa a lokacin, yau samari ne da 'yan mata, muna ganin su a kan kekunansu a bakin kasuwa. Waɗanda aka ɗiga wa kuwa, ga su nan mun aurar da su, mun je sunan 'ya'yansu, wasu har na biyu da na uku. Shekara ashirin ta isa gwaji. Da maganar gaskiya ce, da mu masu zuwa barka muka fara gani.

Kuma mu tuna su wa suka ɗauki wannan aiki a ka. Mata ne irinmu, da hijabi da akwatin ƙanƙara, gida-gida cikin rana, suna shafa wa yaro tawada a ɗan ƙaramin yatsa, suna rubutu da alli a ƙofa. A watan Fabrairu na 2013 aka harbe tara daga cikinsu a nan Kano suna bakin aiki. Allah Ya jiƙansu. Sauran ba su ajiye akwatin ba. A 2016 aka ga na ƙarshe da asalin cutar ta kama a Najeriya, a jihar Borno, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Afirka ta rabu da ita. In kun ga har yanzu ana zuwa ɗiga, akwai wani nau'i ne da ke ɓulla a inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba. In sun yi sallama, a ba su wurin zama da ruwan sha.

Kwanan nan kuma muka ga mashaƙo. Daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 ya shigo, Kano ce ta fi kowace jiha jin jiki, kuma mafi yawan yaran da ya kama ba su da rigakafi ko ba su kammala ba. Alhali maganin abin yana cikin allurar nan da ake yi wa jariri a cinya a sati 6, sati 10 da sati 14, kyauta a asibitin gwamnati. Ta ƙyanda kuma a wata 9, a maimaita a wata 15. Da yawa ana fara zuwa, yaro ya yi zazzaɓin kwana ɗaya, kaka ta ce kada a sake kai shi. Iyayenmu, da girmamawa muke faɗa: wannan ɗan zafin jikin alama ce jiki yana koyon faɗa da cutar. Mun ga iyayen da suka kwana a bakin ɗakin keɓewa suna jin numfashin ɗansu yana sarƙewa. Su za a tambaya wanne ya fi sauƙi.

Saboda haka ba cewa muke a daina tambaya ba. A tambaya, amma a tambayi mai kayan. Nas tana nan, ungozomar asibiti tana nan, likita yana nan: mene ne wannan, na wace cuta ne, me zai biyo baya? Haƙƙinki ne a amsa miki, kuma ma'aikacin da ya daka miki tsawa don kin tambaya bai yi aikinsa ba. Abin da ba mu yarda da shi ba, a ƙi jin wanda ake iya komawa wurinsa gobe, a ji muryar da ba ta da fuska. Kun tuna daren ruwan gishiri, a watan Agusta na 2014, lokacin Ebola? Waya ta yi ta ƙara kafin asuba, a tashi a yi wanka da gishiri, a sha. Mutane suka kwanta asibiti, har aka ruwaito an rasa rayuka, musamman masu hawan jini. Har yau ba wanda ya zo ya ce shi ya fara ya biya diyya. Abin da ya tsayar da Ebola shi ne likitoci irin su marigayiya Stella Adadevoh a Legas, wadda ta hana mai cutar fita daga asibiti, ita ma ta kamu ta rasu, da masu bin sawun duk wanda ya taɓa mara lafiya suna auna zafin jikinsa har kwana 21. Yanzu ma abin ya ƙara lalacewa, don ana iya haɗa muryar malami ko likita da kwamfuta, ki rantse shi ne.

Tunda mun zo kan waya, mu yi maganar kuɗi.

Ba wadda ta manta farkon 2023. Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adi, tsofaffi suka shige banki, sababbi ba su fito ba. Muka ga abin da ko a mafarki ba mu zata ba, ana sayen naira da naira a wurin mai POS. Masu tumatir da alayyafo suka yi ta zubar da kaya, mai saye yana tsaye da kuɗi a waya, mai sayarwa ba ta da asusu. Sai ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi. Wannan lokacin ne ya cika mana aji. Wadda take da asusu kuma tana iya karanta lambobi, ta ci gaba da ciniki. Wadda ba ta iya ba, sai ta nemi yaron maƙwabta ya duba mata, sirrin jarinta ya zama na unguwa.

Ga abin da muka koya, mun kuma biya kuɗin makaranta da tsada kafin mu koya. Alat ba kuɗi ba ne. Hoton rasit da mai saye zai haska miki a wayarsa, shi ma ba kuɗi ba ne. Kuɗi shi ne ki danna a wayarki, ko 'yar ƙarama ce, ki ga abin da ke asusunki ya ƙaru, sannan kaya su bar rumfa. In yana sauri, ya je ya dawo. Lambar sirrinki kamar makullin adakarki take: ba mai POS, ba ɗan dako, ba wanda ya bugo ya ce daga banki yake za a rufe asusu. Banki ba ya bugowa ya nemi lambar sirri, ko lambar nan da ake turowa ta saƙo. Duk wanda ya nema, ɓarawo ne, ko da ya kira sunanki da na mahaifinki.

Sai masu ninka kuɗi. MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disamba 2016. CBEX ta yi haka a Afrilu 2025. Gobe wata za ta zo da sabon suna. Mu da muka san yadda ake haɗa ribar naira hamsin-hamsin a kan kwano, mu tambaya: wace haja ce ake sayarwa da ke ninka jari a wata guda? Ina rumfar? In ba haja, to kuɗin wadda ta shigo yau ake ba wadda ta shigo jiya, ranar da masu shigowa suka ƙare, shi ke nan. Adashenmu ba ya ninka ko sisi, amma mun san gidan uwar adashe, mun san ranar kwasar kowa.

Saura siyasa. A cikinmu akwai 'yan kowace jam'iyya, ba kuma za mu ce a zaɓi wane ba. Amma mai cewa ba ruwanta da siyasa, ta tuna ranar 29 ga Mayu 2023. Magana ɗaya aka yi a Abuja a kan tallafin mai, cikin 'yan kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Kuɗin mota ya tashi, niƙa ya tashi, kwanon shinkafa ya bi su. Siyasa ta iske mu har murhu.

Kwalara ma siyasa ce. Ƙwayar cutar daga bayan gida take shiga ruwa da abinci. Wanke hannu da sabulu da tafasa ruwa namu ne. Amma famfon da ba ya kawo ruwa, da kwatar da ta toshe tana malala gefen rijiya, da bolar da ke bakin 'yan kayan miya, da kasuwar da ba ta da bayan gida mai kyau, waɗannan na waɗanda muka zaɓa ne. Kullum muna yankar tikiti a kasuwa. A karɓi rasit, a ajiye, don shi ne bakin maganarmu.

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don lafiya a matakin farko, wato irin ƙaramin asibitin da muke zuwa awo. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Wannan a takarda ke nan, kuma mun san bashin da ba a bi ba ya biyan kansa. A tsari, kowace mazaɓa tana da kwamitin da ke sa ido a kan asibitinta. Mu ke haihuwa a can, mu ke bin layin rigakafi, mu muka san daren da aka karɓi haihuwa da fitilar waya. Su wa suka fi mu cancantar zama a wannan kwamiti?

Ƙuri'ar nan fa ba a tsince ta a hanya ba. Matan Arewa ba su sami damar zaɓe ba sai a 1976, bayan na Kudu sun daɗe suna yi. Hajiya Gambo Sawaba ta sha duka da ɗauri a kan wannan. Yau a Majalisar Dattawa mai kujeru 109, matan da suka shiga bayan zaɓen 2023 ba su kai biyar ba, alhali ranar zaɓe layinmu ne ke kaiwa har bayan makaranta. Mun yi wani lissafi a aji. In an ba ki naira 5,000 ranar zaɓe, wa'adin shekara huɗu kwana 1,461 ne. Ki raba. Bai kai naira huɗu a rana ba. Ko ƙullin gishiri ba ya saye. Wace 'yar kasuwa ce za ta sallama kayan shekara huɗu a haka? Ai sai dai ta ce albarka.

Saboda haka, shugaba, ga roƙon 'yan aji, muna so a sa shi a gaban babban taro mai zuwa a yi masa ƙuri'a.

Na ɗaya, ƙungiya ta saro buhunan PICS da yawa kafin kaka, ta ba mambobi a kan farashin sari, duk mai sayar da hatsi a cikinmu kuma ta yi alkawari a gaban 'yan uwa ba za ta zuba guba a abinci ba. A san mu da wannan a kasuwa, shi ma jari ne.

Na biyu, duk wata uku, ranar zubi, kowa ta zo da katin rigakafin 'ya'ya da jikoki. A gayyato ma'aikaciyar lafiya ta duba, ta auna mana hawan jini, mu yi mata tambayoyinmu ba kunya.

Na uku, a zaurenmu na WhatsApp, kada a tura saƙon magani ko na annoba sai an tambayi ma'aikaciyar lafiya. Wadda ta turo ta faɗi inda ta samo.

Na huɗu, a rubuta a dokar ƙungiya cewa ko sisin asusunmu ba zai shiga harkar ninka kuɗi ba, kuma ba a fitar da kuɗi sai da sa hannun mutum biyu.

Na biyar, a zaɓi mutum biyu su riƙa zuwa zaman kwamitin asibitin mazaɓa suna kawo mana rahoto. In lokacin zaɓe ya zo, mu rubuta buƙatunmu a takarda: ruwa, bayan gidan kasuwa, ungozoma mai kwana a asibiti. Duk ɗan takarar da ya zo, kansila ne ko ciyaman, ya karanta ya sa hannu, mu ajiye a fayil. Yanzu mun iya karanta abin da ya sa wa hannu.

Mazajenmu, mun gode da kuka bar mu muna zuwa aji. Waɗanda ba su yarda ba tukuna, ku yi musu magana a majalisa. Matar da ta iya karanta kwalin magani, gidanka take tsarewa. Kuma karatun mata ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan: Nana Asma'u 'yar Shehu ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna koyar da matan aure tun kafin zuwan Turawa. Kuɗin awo da na mota zuwa rigakafi, a sa su cikin cefane.

'Ya'yanmu, in mun ce ku nuna mana abu a waya, ku nuna a hankali, kada ku fizge ku danna ku miƙo. Mu ma da haƙuri muka koya muku riƙe cokali.

'Yan uwa da ba su shigo aji ba, benci yana da wuri. Akwai wadda ta girme mu duka a ciki, kuma ita ta fi mu kyan rubutu. Littafi ɗaya da fensir ɗaya ne, bayan la'asar, in an rufe rumfa.

Allah Ya sa albarka a jarinmu, Ya tsare mu daga cin haram da ciyar da shi, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba shugabanninmu tausayin talaka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah Ya kai mu ta baɗi da rai da lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.